Yaya Nomau da Kafasitocin Baba

A ƙauyen Tsamiyar Bawa akwai wani gida da ake ce wa gidan Ilu mai rediyo. Shi Malam Ilu ya rasu shekara goma sha huɗu ke nan. Ya bar matarsa Inna Hansatu da 'ya'ya maza biyu, da ɗan shagon gyara a jikin zaure. Ƙaramin, Hashimu, shi ya gaji sana'ar. Babban kuwa, Nomau, tsayi da faɗin kafaɗa kawai ya gada. Ba mahaukaci ba ne, kada a ɗauki alhakinsa. Yana noma, yana salla a kan lokaci, bai taɓa yi wa kowa ƙarya ba. Matsalarsa ɗaya ce: abin da ka faɗa masa shi zai yi, ba ragi ba ƙari, ko da gari zai ci wuta. Da ƙane ne da sauƙi, sai a daka masa tsawa a huta. To amma wa ne, ya girme Hashimu da shekara shida. Dole a ce masa Yaya, a sassauta murya, a haɗiye sauran.

Da rani ya yi, aikin gona ya ƙare, Inna ta kira Hashimu. Ita ba ta faɗin sunan ɗan farinta, sai ta ce, "Ka tafi da yayanka shago ya riƙa kama maka. Zaman banza ba ya yi masa kyau."

Hashimu ya ce, "To, Inna." A ransa kuwa ya ce ya shiga uku.

Azumi na da kwana biyar Liman Zubairu ya aiko da amfilifayar masallaci, na'urar da ke ƙara ƙarfin murya. Tsohuwa ce mai nauyin buhun gero, kuma ita ake ɗauka a kai filin Idi kowace shekara. Malam Ilu ya yi shekara talatin yana kula da ita, ba a taɓa yin Idin da muryar liman ta kasa kaiwa sahun ƙarshe ba. Mutanen gari sun san wannan, suna kuma faɗa. Yanzu Liman ya tsufa, muryarsa ko sahu na uku ba ta kaiwa, ga amfilifaya ta kama gurnani. Hashimu ya buɗe ta ya ga ciwon: manyan kafasita biyu, waɗannan masu kama da ƙaramin gwangwanin tumatir, da ke tara wuta su tace ta, sun kumbura sun yi yoyo. Ya aika birni a nemo irinsu, direba ya dawo ya ce an yi masa dariya, an daina yin wannan girman. Saura akwatin ƙarfen Baba da ke ƙarƙashin tebur. A ciki akwai manya guda goma, sababbi fil a ido, amma shekararsu goma sha huɗu a kwance.

Shi kafasita ba ƙusa ba ne da za ka ajiye ka dawo ka same shi yadda ka bari. Akwai ɗan jiƙaƙƙen abu a cikinsa da ke bushewa a hankali, in kuma ya daɗe bai ga wuta ba sai ya yi rauni. Hashimu ya san haka. Amma ya ƙirga, ya ce goma ne, biyu kawai yake nema, ai ba za a rasa ba. Ya yi wa Liman alkawari kafin Salla.

Wata rana da hantsi Hashimu zai tafi kasuwar ƙauyen gaba. Ya taɓa akwatin ya ji ya yi zafi, don shagon rufin kwano ne. Ya ce, "Yaya, zafi kashe su yake yi. Ka kai su inda ya fi ko'ina sanyi a gidan nan ka ajiye." Nomau ya ɗauka ya shiga gida. Ya taɓa ƙarƙashin gado, ya taɓa cikin rumbu, ya taɓa gindin bishiyar bedi. Mutum ne mai gaskiya, ba zai ajiye a wuri na biyu ba alhali an ce na ɗaya. Kwana uku ba wanda ya sake tada maganar, sai ranar da Inna ta zo buɗa-baki, ta kurɓi ruwa ta tofar.

Ta ce, "Hashimu, randar nan ɗanɗanon tsatsa take yi."

Hashimu ya zura hannu har kafaɗa. Ya fito da ɗaya, ya fito da biyu, har goma. Guda biyu ƙafafunsu sun ci tsatsa, yana taɓawa suka karye daga tushe.

"Yaya, a cikin ruwa?"

"Na gwada ko'ina, Hashimu. Babu inda ya kai nan sanyi."

Hashimu ya duba, gaskiya ne, babu. Wannan ya fi komai ƙona masa rai. Ya sha ruwan tsatsar a haka, don ƙishirwa ba ta jira, ya ƙirga takwas.

Wata rana, wato kashegari, ya jera takwas ɗin a faifai ya ce, "Yaya, ka busar da su sarai. Kada in dawo in ga ko ɗigon ruwa." Ya tafi ɗaura wa wani eriya. Yana can bisa katanga sai ya ji wani abu ya yi fas daga wajen gidansu, kaji suka watse. Ya diro ya sheƙo a guje da azumi a bakinsa. Yana shiga tsakar gida ya tarar da tandar masar Inna a kan murhu, wuta na ci. Kowane gurbi an zaunar da kafasita ɗaya, sun yi daidai kamar don su aka yi tandar. Nomau na durƙushe a gefe, gumi na zuba, yana ta yi musu fifita da mafici da iya ƙarfinsa.

Hashimu ya kwashe su da gefen riga, yana ƙona yatsu. Ɗaya ya riga ya fashe, biyu sun kumbura.

"Yaya, ba kwanan nan na ce maka zafi kashe su yake yi ba?"

"Ban manta ba. Shi ya sa nake musu fifita."

Hashimu ya buɗe baki, ya tuna yana azumi, ya tuna wansa ne, ya rufe. Inna kuwa ta fito ta yi ta faɗa a kan tandarta, kuma Hashimu ta yi wa faɗan, don ba ta iya kallon ɗan fari ta yi masa. Saura biyar, biyu daga ciki rigar jikinsu ta ƙone ta yi baƙi.

Wata rana Hashimu ya zauna ya yi tunani, ya ce laifinsa ne, ba ya yin bayani dalla-dalla. Ya ɗauko kumburarrun ya nuna wa Nomau. Ya ce, "Ka ga lafiyayye kansa a baje yake. Wanda kansa ya taso ya mutu, ba ya gyaruwa. Duk abin da ka gani a teburin nan kansa ya taso, ka kwashe ka zuba a masai." Ya tafi azahar yana jin daɗin kansa. Da ya dawo tebur ya yi fes. Kumburarrun sun tafi, haka ne. Amma duk baturan tocila da yake sayarwa sun tafi, don kowanne da ɗan tudu a ka. Ƙwayayen fitila sun tafi. Gudumarsa ta tafi. Har 'yar kwalbar man da yake ɗiga wa fanka, mai murfi kamar hula, ta bi su.

Yana tsaye riƙe da ƙugu sai ga Ladan Cindo ya shigo jin labarin amfilifaya. Zuma ta harbe shi a goshi da safe, wurin ya tashi kamar ƙwan zabo. Nomau ya tsura masa ido, ya daɗe yana kallo. Ladan ya gaji da tsayuwa, ya juya zai ɗan ɗosana a gefen teburin.

Nomau ya ce, "Malam Cindo, in da ni ne kai, da ban zauna a nan ba."

Ladan bai gane ba. Hashimu ya gane, ya yi maza ya miƙa masa kujera.

Wata rana, azumi na ashirin da biyu, Hashimu ya ce bari ya gwada ko biyar ɗin suna riƙe wuta. Ya jona ɗaya a batirin sola na ɗan lokaci, ya cire, ya auna da mita, ya ga ya riƙe. Ransa ya yi fari a karon farko cikin makonni biyu. Ya ajiye shi a tebur ya ce, "Yaya, wannan cike yake da wuta. Kada ka taɓa ƙafafunsa da hannu." Ya juya ke nan zai ɗauko na biyu. Shi kuwa Nomau tun yana yaro ya san yadda ake gane batir mai rai. Ya kama kafasitan ta ka, hannunsa nesa da ƙafafun kamar yadda aka ce, ya zaro harshe.

Ƙarar da aka ji ta Nomau ce. Ya yi jifa da abin, ya daki bango ya lotse, shi kuma ya zauna daɓas a ƙasa, ido waje. Hashimu ya yi kansa a guje. Ya manta da kafasita, ya manta da Liman, ya rungumi kan wansa yana kiran Yaya, Yaya. Tsoro ne ya kama shi na gaske, don duk haushin da yake ji, wan nan ɗaya gare shi a duniya. Can Nomau ya motsa harshe da ƙyar.

"Ban taɓa da hannu ba."

"Na gani, Yaya."

"To azumina yana nan? Don na ji kamar wani abu ya shige."

Sai da aka je har gidan Liman aka tambaya. Liman ya ce azumi yana nan, sannan ya tambayi amfilifaya. Hashimu ya ce ana kai. A daren ya gaya wa Inna cewa da an sauko daga Idi, Yaya ya gama zaman shago, ya koma ya nemi abin yi ko da saƙar zana ce. Inna ta kau da kai. Saura huɗu: biyu masu kyan gani, biyu baƙaƙe da suka sha tanda.

Wata rana, azumi na ashirin da bakwai, Hashimu ya yanke shawarar cewa sai ya raba Nomau da teburinsa kafin ya yi aikin nan. Ya leƙa ƙarƙashin tebur ya jawo wani tsohon katako da ƙura ta rufe. Na Baba ne. Akwai ɗan ƙwan fitila a kai, wanda ya tsira daga masai don ba a bisa tebur yake ba, da wayoyi biyu, da mamurɗi mai hawa biyar. Da shi Malam Ilu ke ba tsoffin kafasita wuta kaɗan-kaɗan kafin ya sa su a aiki. Muddin kafasitan na zuƙar wuta fiye da kima, ƙwan zai yi ja. In ya farfaɗo ya daina zuƙa, ƙwan ya mutu. Hashimu bai taɓa amfani da shi ba. A ganinsa ɓata lokaci ne irin na mutanen da, tunda ga mita.

Ya jona baƙaƙen nan biyu, waɗanda ya riga ya fid da rai da su, ya kai katakon can ƙuryar zaure. Ya ce, "Yaya, ga babban aiki. Ka sa ido a ƙwan nan. In ya mutu murus, ka murɗa hawa ɗaya. In ya sake mutuwa, ka ƙara. Sai ka kai hawa na biyar ya mutu, sannan a cire su. Kafin nan kada ka ba kowa."

"Ko wane ne?"

"Ko wane ne."

"Ko kai?"

"Ko ni, Yaya."

Nomau ya shimfiɗa buzu ya zauna. Hashimu ya koma shago, ya ji shiru, ya yi hamdala.

Kashegari ya liƙa masu kyan nan biyu da dalma, ya duba ƙafar da ke da zane sau uku don kada ya juya su, ya kira Ladan ya zo ya sha kallo. Abin da bai tsaya ya auna ba shi ne wutar cikin amfilifaya ta ninka ta batir sau biyar. Ya kunna. Gurnani ya tafi, Ladan ya fara murmushi, har ya yi gyaran murya a makirfo. Ba a yi minti biyu ba wani wari ya tashi, sai fas, sai fas. Takarda da hayaƙi suka cika shago. Ladan ya tsinci kansa a waje ba takalmi. Hashimu ya tsaya yana kallon gwangwanaye biyu da suka buɗe baki. Wannan karon ba Yaya a kusa, ba wanda zai ɗora wa, kuma kunyar hakan ta fi masa zafi.

Ranar ashirin da tara bayan la'asar Liman da kansa ya tako da sandarsa. Ya ce, "Hashimu, in an ga wata yau, gobe Idi. Matasa sun ce a aro na masu kiɗan biki daga garin gaba. Ni ban so ba, saboda mahaifinka. Amma ba zan yi huɗuba ina raɗa ba."

Hashimu ya durƙusa ya ce, "Allah gafarta Malam, a ba ni zuwa safiya."

Liman na tafiya ya nufi ƙuryar zaure. Nomau na nan inda ya bar shi, a nan yake salla, a nan Inna ke kai masa abinci. Mamurɗi na hawa na uku.

"Yaya, kwana biyu ya isa. Ba ni su."

"Bai mutu ba."

Hashimu ya duba ƙwan, bai ga komai ba. Ya ce, "Ya mutu mana."

Nomau ya jawo bargon Inna ya lulluɓa a kansa har da katakon. Daga ciki aka ji muryarsa: "Da saura. Zo ka gani." Hashimu ya cusa kai. A cikin duhun bargon, zaren ƙwan na nan da ɗan ja-ja kamar garwashin da ya kusa mutuwa.

"Yaya, ni na ba ka su. Ni ne mai shagon. Don Allah ba ni."

"Na tambaye ka, ka ce ko kai."

Hashimu ya miƙa hannu. Nomau ya ɗora tafinsa a kan katakon, tafin da ke riƙe garma tun safe har azahar. Ba faɗa, ba harara, ya dai ɗora. Hashimu ya ji kamar ya yi kuka don takaici. Ya roƙa, ya yi bayani, ya kira Inna. Inna ta zo ta tsaya a bakin zaure ta ce, "Ni ban san aikinku ba. Amma in kai ka faɗa, ai ka san ba zai saki ba."

Suna cikin haka jan ya ɓace. Nomau ya leƙa bargo, ya fito, ya murɗa zuwa hawa na huɗu. Nan take ƙwan ya haska fau, har sai da inuwarsu ta fito a bango. Hashimu ya ƙura wa ƙwan ido. Wannan hasken na nufin har yanzu suna zuƙar wuta kamar rairayi, kuma hawa na huɗu bai ma kai wutar amfilifaya ba. Da an ba shi su ɗazu, da yanzu suna can sun bi 'yan'uwansu. Ya janye hannunsa, ya zauna a gefen buzun. Bayan magariba aka yi shelar an ga wata.

Gari ya waye, an fito daga asuba, mata na ta daka, ana ta guga. Mamurɗi na hawa na biyar. Hashimu ya hura ƙarfen liƙi ya ajiye, yana kai yana kawowa tsakanin shago da zaure. Rana ta fara ɗagawa, mutane suka fara wucewa da tabarmi. Sai Nomau ya fito da kai daga bargo, ido jajir.

"Ya mutu."

Hashimu ya sauke wutar da ke cikinsu, ya liƙa su a amfilifaya. Ya kunna ya ja da baya. Minti ɗaya, minti biyar, minti goma. Ya taɓa su da bayan yatsa, sanyi ƙalau. Nomau ya ɗora amfilifayar a ka suka nufi fili.

Da Liman ya yi kabbarar farko, muryarsa ta fita tas, ba gurnani, ta wuce sahun ƙarshe ta kai har gindin tsamiyar da matan gari ke tsayawa. Hashimu ya yi sallar nan hawaye na bin kumatunsa. Bayan an shafa, wani dattijo ya kama hannunsa ya ce, "Gidan Ilu dai gidan Ilu ne. Allah ya yi maka albarka." Hashimu ya waiga ya nuna masa Nomau, amma dattijon ya riga ya wuce.

Suka dawo da amfilifaya shago. Nomau ya sauke, ya naɗe wayoyin katakon Baba, ya goge ƙwan da bakin riga. Ya ce, "Bargon ma haka Baba yake yi. Ni nake riƙe masa, kana makaranta."

Hashimu ya dube shi. Ya tuna abin da ya gaya wa Inna, ya ji nauyinsa. Ya ce, "Yaya, daga yau kada ka bar shagon nan."

Wata rana, wato ranar dai da azahar, gida ya cika da 'yan yawon Salla, an zuba tuwon shinkafa da miyar taushe. Inna ta duba ta ce, "Ina yayanka? Tun Idi ban sa shi a ido ba." Nan take Hashimu ya gane. Ya ɗauki kwano guda ya fita. Ya tarar da Nomau a shago cikin sabuwar riga, zaune a kan benci, hannu bisa gwiwa, rufin kwano na zuba masa zafi.

"Yaya, ana ta cin abinci a gida."

"Na ji ƙamshi. Amma ka ce daga yau, ba ka faɗi ranar fita ba."

Hashimu ya buɗe baki zai yi bayani, sai ya fasa. Ya ture sukudireba da dalma gefe, ya ajiye kwanon a tsakiyar tebur, ya jawo kujera.

Ya ce, "Ban faɗa ba, Yaya. Wanke hannu."